A Kwafe Faifan Kafin A Kai Shi Gyara

Sanin kowa ne cewa da yawa daga cikinmu ɗalibai tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo muke lallaɓawa. A cikinta kundin digirinmu yake, tare da muryoyin dattawa da mawaƙan da muka naɗo a wajen bincike. Idan faifan ajiyarta ya fara ciwo, ta riƙa sandarewa ko ta ƙi buɗe wasu fayiloli, shawarar da mai gyara kan fara bayarwa ita ce a goge komai a sake zuba Windows. Ni kam ban goyi bayan wannan ba.

Shi irin wannan faifai juyawa yake yi, sau 5400 ko 7200 a minti guda, wata 'yar allura tana shawagi a samansa. Da zarar ya soma lalacewa, kowace kunnawa na iya ƙara masa rauni. Hatta gyaran chkdsk da wasu ke gaggawar yi, rubutu yake yi a kan majinyacin. Abin da ya dace shi ne a nemo sabon faifai wanda girmansa ya kai na tsohon ko ya fi shi, a kwafe tsohon ɗungurungum, gurbi bayan gurbi.

Clonezilla ta wadatar idan faifan lafiyayye ne. Ga mai ciwo kuwa, na fi amincewa da GNU ddrescue, manhajar kyauta da Antonio Diaz Diaz ya fitar a 2004. Takan fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta dawo kansu. Tana kuma ajiye taswirar inda ta tsaya, don haka ko wuta ta ɗauke (mu da muka san hali), daga nan za a ɗora. A dai kula da sunayen faifan biyu, domin wanda ya juya su zai shafe aikinsa da hannunsa.

Wani zai ce sabon faifai kuɗi ne, kwafin kuma yana iya kwana yana tafiya. Gaskiya ne. Amma tsohuwar da ta ba ka tatsuniya a ƙauye ba lallai ka sake samun ta ba. Ban da haka, kwafin da ya kammala yakan zo da duk tsarin da ka saba da shi, har da allon buga ƙ da ɗ da ɓ da ka sha wuya kafin ka daidaita.

Idan kuwa faifan ya kai ga yin ƙas-ƙas, a kashe kwamfutar nan take. Wannan aikin ƙwararru ne masu buɗe faifai a ɗakin da babu ƙura.