Koren allon dillali da kwamfutar da aka manta a sito

A ranar 14 ga Maris 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka da ke cikin manhajar Windows, kyauta. Bayan kwana 59, ranar 12 ga Mayu, manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila, hukumar lafiya ta NHS ta soke ganin likita da ayyukan tiyata kusan 19,000, aka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin. Maganin yana ajiye kusan wata biyu, ba a ɗora shi ba. Masu harkar kwamfuta suna kiran irin wannan gyara faci, kalma ɗaya da ta mai gyaran taya a bakin titi, kuma manhajar da ke rarraba shi ga dukkan kwamfutocin kamfani ita ce manhajar kula da faci.

Tun daga wannan shekara labarin WannaCry ya zama jarin dillalan manhaja. Da shi suke buɗe jawabi a ɗakin taro, da shi suke tsorata manajan darakta, sannan su kunna majigi su nuna allo mai launin kore da ke cewa kusan dukkan kwamfutoci sun samu faci, ba tare da hannun kowa ba. Shugabannin kamfanoni kuwa abin da suke son ji ke nan: a biya kuɗi sau ɗaya a shekara a huta. A kan wannan alkawari ake zaɓen manhajar faci a yawancin wurare, kuma shi ne ma'auni mafi rauni da za a iya zaɓe da shi. Manhajar da ake yabo da cewa tana yin komai da kanta, ita ce ta fi cancantar tuhuma.

Allon nan yana ƙidaya kwamfutocin da ya sani ne kawai. Kusan duk waɗannan manhajoji suna aiki ta hanyar ɗan ƙaramin wakili da ake saka wa kowace na'ura, wanda ke kai rahoto ga cibiya. Na'urar da ba a saka mata wakili ba, a wurin allon babu ita a duniya. Tsohuwar kwamfutar da ke sito tana buga rasit, da laftof ɗin akanta da ya kwashe wata uku a reshen wani gari, da wadda wani ɗan kwangila ya haɗa shekarun baya ya tafi abinsa, duk ba sa rage koren ko da ɗigo. Mai faci na bakin titi ya fi wannan hankali, domin shi sai ya tsoma tib ɗin gaba ɗaya a ruwa, ya juya shi sashe bayan sashe, kafin ya ce ya gano inda iska ke fita.

Abin da ya faru da Equifax, kamfanin tattara bayanan masu cin bashi na Amurka, ya isa hujja. A ranar 7 ga Maris 2017 aka fitar da facin wata ɓaraka a manhajar Apache Struts. Bayan kwana biyu aka aika saƙon cikin gida cewa a ɗora shi, kuma dokar kamfanin ta ce irin wannan faci ba ya wuce awa 48. A ranar 15 ga watan aka gudanar da binciken na'ura don gano wuraren da suka rage, binciken ya dawo bai ga komai ba. Ɓarakar tana nan, a shafin da jama'a ke shigar da ƙorafi. Masu kutse suka shiga a watan Mayu, suka yi kwana 76 suna kwasa, suka tafi da bayanan mutum miliyan 147. A 2019 kamfanin ya amince da biyan diyya da tara da za su iya kaiwa dala miliyan 700. Equifax yana da kuɗi, yana da kayan aiki, yana da doka a rubuce. Abin da ba shi da shi shi ne cikakken lissafin abin da ya mallaka, da sunan mutumin da za a tambaya idan faci bai hau ba. Tsohon shugabansa, Richard Smith, ya gaya wa majalisar dokokin Amurka cewa kuskuren ma'aikaci ɗaya ne, wanda shi ne abin da shugabanni suka saba faɗa idan tsarin da suka gina ya rushe a kan na ƙasa da su.

Don haka tambayar farko ga dillali ita ce yadda manhajarsa ke gano na'urar da ba a gaya mata ba, da kuma yadda take nuna wadda ta daina kai rahoto. Ta biyu ita ce abin da take iya yi wa faci. Windows shi ne mai sauƙi, domin tun 2003 Microsoft ke fitar da facinsa a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma kowace kwamfuta tana iya ɗauko shi da kanta. Wahalar tana wajen Chrome da Adobe Reader da Zoom da Java da manhajar lissafin kuɗi, da sauran tarkacen da ma'aikata ke saukewa ba da sanin kowa ba. Wanda ya biya dala don a ɗora masa facin Windows kaɗai ya sayi abin da yake da shi tuntuni.

Sai batun da dillalai suka fi ƙin a tayar. Manhajar faci tana da ikon saka duk abin da ta ga dama a kan kowace kwamfutar kamfani, da cikakken izini, ba tare da ta tambayi kowa ba. Wanda ya karɓe ta ya karɓi mabuɗin gida duka. A ranar 2 ga Yulin 2021 gungun REvil ya shiga ta manhajar Kaseya VSA, wadda aikinta ke nan kula da kwamfutoci daga nesa da ɗora musu faci, ya tura manhajar garkuwa da sunan sabuntawa. Abin ya shafi kamfanoni da yawansu ya kai 1,500, har shagunan Coop kimanin 800 a Suwidin suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya. NotPetya, wadda ta jawo wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk asarar kusan dala miliyan 300 a 2017, ita ma ta hanyar sabunta wata manhajar haraji ta Yukiren ta shigo. Ya kamata kamfani ya san ko shiga cibiyar manhajar na buƙatar tantancewa mataki biyu, ko mutum ɗaya zai iya tura abu ga kowa ba tare da amincewar na biyu ba, da yadda dillalin ya yi a lokutan baya da aka samu ɓaraka a kayansa. Dillalin da ya ce ba a taɓa samu ba, ko dai sabo ne ko kuma ba ya dubawa.

Ko babu ɓarawo, faci kansa yana iya zama annoba. A ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure ga abokan cinikinsa a lokaci guda. Ya janye ta cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, amma kafin nan kwamfutoci miliyan 8.5 sun durƙushe, bisa ƙiyasin Microsoft. Da yawansu sai da mutum ya zauna gabansu ɗaya bayan ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashi kusan 7,000. Garin gyaran gira aka rasa ido. CrowdStrike ba manhajar faci ba ce a ainihin ma'anar kalmar, amma darasin ya hau kansu daidai: abin da aka tura wa kowa a lokaci ɗaya zai kashe kowa a lokaci ɗaya. Manhajar kirki tana barin a fara da kwamfutoci kaɗan na gwaji, a jira kwana ɗaya ko biyu, a faɗaɗa zuwa sashe guda, sannan kowa, tana kuma barin a dakatar ko a cire facin da ya ɓata aiki. Wannan yana buƙatar mutum mai yanke hukunci, abin da tallar nan ta yi alkawarin kawarwa.

Akwai masu cewa wannan duk maganar manyan kamfanoni ce, cewa ofishi mai kwamfuta goma sha biyar da ma'aikacin fasaha guda ba shi da sararin gwaji da matakai, gara masa abin da ke tafiya da kansa. Suna da rabin gaskiya. Faci mai hawa da kansa ya fi facin da ba ya hawa, kuma asarar jinkiri ta fi asarar facin da ya ɓaci yawa da nisa. Amma irin wannan ofishi sau da yawa ba ya buƙatar sayen komai. Ya bar sabuntawar Windows a kunne, ya rubuta jerin na'urorinsa a takarda, ya sa mutum ɗaya ya duba su ranar Alhamis ɗin da ke bin Talatar faci. Kwamfuta biyu da aka ware su fara karɓa ma matakai ne. Wanda yake da rassa, ko ɗaruruwan na'urori, ko bayanan jama'a a hannunsa, shi ne ya kamata ya zauna ya kwatanta Intune da ManageEngine da NinjaOne da Action1 da makamantansu. Wanda kuma ya dogara da WSUS, tsohon kayan Microsoft na kyauta, ya sani cewa tun Satumban 2024 kamfanin ya sanar da daina haɓaka shi.

A Kano ko Kaduna ko Abuja akwai ƙarin tambayoyi da takardar tallar ba ta san da su ba. An gina yawancin waɗannan manhajoji ne da zaton wuta ba ta ɗaukewa kuma intanet ba ya yankewa, shi ya sa tsarinsu na asali ke ɗora faci da tsakar dare, lokacin da janareta ke kashe kuma ofis ke kulle. Facin wata guda na Windows yakan kai ɗaruruwan megabayit, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Manhajar da ba ta iya sauke faci sau ɗaya ta raba wa kwamfutocin ofis ta layin cikin gida za ta ci kuɗin data fiye da kuɗin lasisinta. Lasisin kansa da dala ake biyansa, kowace na'ura kowace shekara, kuma wanda ya sa hannu kafin Yunin 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin hukuma, ya ga yadda ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a gaban baƙi ba. Ofisoshi da dama suna aiki da Windows da Office na jabu, kuma wanda ya saka su yakan kashe sabuntawa da gangan don kada asiri ya tonu. Babu manhajar faci da za ta gyara wannan. Haka nan Windows 10, wanda Microsoft ya daina ba shi facin kyauta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali dubban kwamfutocin gwanjo da ke cike da ofisoshi ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ƙarin wa'adi ga kamfanoni yana farawa daga dala 61 kan kowace na'ura, yana ninkawa duk shekara. Kwamfutar da babu facin da ake fitar mata za ta iya fitowa kore shar a allo, tunda babu abin da take jira.

Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba kamfani awa 72 ya sanar da hukumar NDPC idan an yi kutsen da zai iya cutar da mutanen da bayanansu ke hannunsa, kuma hoton koren allo ba zai amsa tambayoyin da za su biyo baya ba. Kusan kowane dillali yana ba da kwanakin gwaji kyauta, kuma a nan ya kamata a yi cinikin, ba a ɗakin taro ba. A ɗauko tsohuwar kwamfutar nan ta sito a jona ta da layin ofis ba tare da an gaya wa manhajar ba, a ga ko za ta gano ta. A saka tsohon Chrome a wata, a zare wa wata wuta ana tsakiyar ɗora faci, a tura faci ga na'ura biyu sannan a nemi a janye shi. Daga nan a buƙaci rahoton waɗanda facin bai hau kansu ba, da dalilin kowace, da kwana nawa ta yi a haka, a miƙa wa ma'aikacin da aka rubuta sunansa a takardar aiki cewa shi ke da alhakin bin su.