Ruwan Zobe Da Wutar Ko-ta-kwana

Duk akawun da ke aiki da kwamfuta ya san wani ɗan akwati da akan ajiye a ƙarƙashin tebur, wanda ake kira UPS. Batir ne a cikinsa. In an ɗauke wuta, kafin ƙiftawar ido ya karɓi aiki, ya riƙe kwamfutar 'yan mintoci, har akawu ya adana lissafin albashin da ya yini yana yi. Ba mu ga laifin wannan ba. Amma in an yi wa takardar albashi irin wannan tanadi, lalle ruwan da mai albashin zai sha ya fi cancanta.

A 1983 aka gama madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma, amma sai a 2021 aka buɗe aikin tace ruwanta da tura shi cikin garuruwa. Jama'a sun yi haƙuri shekara 38. To, ruwa ba ya hawa tudu da ƙafarsa, inji ke tura shi, inji kuwa sai da wuta.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Muddin bututu na cike, ƙarfin ruwan waje yake turawa, ko da akwai 'yar tsaga ƙazanta ba ta shiga. Da inji ya tsaya, bututu ya zama wofi, sai ruwan kwata da na masai su tsatso ciki ta tsagar nan. Ran da wuta ta dawo, ruwan farko da ya iso famfo shi ke kawo su gida. Kafin nan ma, uwargida ba za ta zauna da ƙishirwa ba, ta riga ta aiki yara kududdufi. Ta hanyoyin nan biyu ƙwayoyin kwalara da na taifod ke samun shiga hanji. Ido ba ya ganinsu, kwalara kuwa takan tsotse ruwan jikin ƙato ta kayar da shi cikin yini guda. A 2021 ɗin nan ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina na cikin inda ta yi ɓarna.

Saboda haka muna roƙon hukuma ta lissafa wutar ko-ta-kwana cikin ainihin kuɗin aikin ruwa kowace shekara, watau janareta da mai a ajiye, da wutar hasken rana ga ƙananan rijiyoyin burtsatse na ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma. Kada kuma a raina tankin bisa. Shi ne batirin ruwa, in an cika shi da rana ya gangaro da kansa da dare, ba ya shan mai.

Malaman makaranta kuwa, ku gaya wa yara, in famfo ya daɗe a bushe sa'an nan ya kawo, a tafasa ruwan kafin a sha, ko da ya fito garau.