AMURKA: TSOFAFFI A HANNUN 'YAN KASUWAR MAGANI

Duk matashin da ke jin ƙarfi a jika yau, tsoho ne gobe in rai ya kai. Don haka labarin yadda Amurka ta yi da lafiyar tsofaffinta ba na masu furfura ba ne su kaɗai.

Tun a 1945 Shugaba Truman ya nemi gwamnati ta kafa inshorar lafiya. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi masa ca, wai gurguzu ake son shigo musu da shi. Haka aka yi ta jan ƙafa shekara 20, alhali kusan rabin tsofaffin ƙasar ba su da inshorar asibiti. Ciwo guda sai ya lashe abin da mutum ya tara tun ƙuruciya.

Sai ranar 30 ga Yuli, 1965 Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar Medicare domin waɗanda suka kai shekara 65. Aka fara da mutum kusan miliyan 19 a 1966. Aka kuma ce duk asibitin da ke ware baƙar fata ba zai ga ko sisi ba. Nan da nan dubban asibitoci suka daina. Abin da kunya ba ta sa su ba, tsoron rasa dala ya sa su!

To amma fa shirin bai ɗauki kuɗin maganin da tsoho zai saya ya sha a gida ba sai a 2006. Ko da aka yi dokar hakan a 2003, sai aka cusa sharaɗin da ya haramta wa gwamnati yin ciniki da kamfanonin magani. Jama'a, ina aka taɓa hana babban mai saye taya kaya? Sai a 2022 aka buɗe ƙofar cinikin ga wasu magunguna, aka kuma ƙayyade cewa tsoho mai ciwon sukari ba zai biya fiye da dala 35 a wata ba kan allurar insulin.

Kuɗin nan ba kyauta ba ne. Daga albashin ma'aikaci ake yankar kashi 1.45 cikin 100, mai kamfani ya ƙara daidai wannan. Gumin matasa ne. Matashin da bai tambayi aljihun wa yake shiga ba, wa zai tambaya masa ranar da ya kama sanda?