Zugazugi A Kan Inji: Ku Daina Saida Ma Samarinmu Wahala Da Sunan Ƙarfi

Jama'a, akwai wani sabon yayi da ya fara shigowa cikin harkar motoci, kuma gara mu yi magana tun yana ƙarami. Ka je wurin masu saida motoci a Yamai ko nan Maraɗi, ka tsaya gaban wata kat-kat da ta fito daga Amurka. Dillali zai ɗaga kapo, ya nuna maka wani dunƙulen ƙarfe mai walƙiya zaune bisa injin, ya rage murya kamar mai ba ka sirri, ya ce: "Alhaji, wagga ba irin sauran ba ce, tana da sufacaja." Daga nan kuɗi ya ƙaru. Wasu samarin ma ba su jira ta zo da shi, su ke aikawa Dubai ko Amurka a kawo musu, su kai garaji a ɗora ma motar da ke zaune lafiyarta lau.

Mu dai mun ce wanga abu, a ƙasarmu da yanayinmu, saida ma mutum wahala ne da kuɗinshi. Ga dalilanmu, wanda bai yarda ba ya zo da nashi.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san sufacaja, wanda makanikanmu ke kira kwampireso. Zugazugi ne. Wuta tana ci da iskar da ta samu. In ka zuga ta sai ta ƙara ci, gawayi ya ƙare da wuri, ƙarfe ya yi ja. Injin mota ma iska yake shaƙa ya gauraya da esansi ya ƙona. Sufacaja na danna mishi iska da ƙarfi fiye da wadda zai shaƙa da kanshi, sai a ƙara esansi daidai da ita, ƙarfi ya ƙaru. Bambancinshi da turbo, wanda muka sani a Hilux mai gazuwal, shi ne turbo hayaƙin da ke fita ke juya shi, shi kuwa sufacaja kurwa ke jan shi daga injin kai tsaye. Ke nan sai ya ci daga ƙarfin injin kafin ya ba shi. Yawancin waɗanda ake saidawa don motocin gida suna ƙara matsin iska wajen rabin bar, su ba da ƙarin ƙarfi na kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, wani lokaci fiye. Ba mu musun wannan. Motar tana tashi, wanda ya taɓa taka ta ya san haka. Tambayarmu ita ce: wa ke biyan kuɗin wanga ƙarfi, kuma da me?

Mu fara da zafi, don shi ne babban abokin gabar. Iska in an matse ta zafi take yi. Taɓa famfon keke bayan ka gama ba taya iska ka ji. Wanda ya ƙera sufacaja ya yi lissafinshi da yanayin ƙasarsu. Mu nan a watan Afrilu da Mayu, Tawa ko Ƙwanni, digiri 44 ko 45 ba labari ba ne. Iskar da ta shiga da wanga zafi, in an matse ta rabin bar, tana iya fita kusa da digiri 100. Shi ya sa ake haɗa shi da wani ƙaramin radiyata mai sanyaya iskar kafin ta isa injin, wanda ke da nashi ruwa da nashi ɗan famfo na lantarki. Wasu tsofaffin ma ba su da shi sam. Ranar da wanga famfo ya mutu ba ƙara za ka ji ba, motar za ta ci gaba da tafiya tana shaƙar wuta, kai kana ciki da kilim kana sauraren waƙa.

Sai esansi, kuma nan ne maganar ta fi muni. A Amurka in ka tsaya tashar mai za ka tarar da iri uku, 87 da 89 da 91 ko 93, ka zaɓi wanda injinka ke so. Kusan duk masu ƙera sufacaja sun rubuta baƙi da fari cewa sai 91 ko sama da haka, a lissafinsu na can. Mu fa? Famfo guda ne na esansi, abin da ya fito shi za ka sha. Tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 muna da namu mai, alhamdu lillahi, kuma ya wadatar da motocin da anka ƙera yadda suke. Amma ba a yi shi don injin da anka ɗora ma zugazugi ba. Wannan ma in a tasha ka sha ke nan. Mu faɗa ma juna gaskiya, wane ne cikinmu bai taɓa tsayawa wurin ƴan ruwa-ruwa ba, ya sa anka zuba mishi kwalba biyar ko jarka guda da ta kwana uku cikin rana? Tsohuwar Starlet za ta shanye ta yi godiya. Injin da ke ƙarƙashin matsi kuwa, in esansi bai kai ba, yakan kama wuta da kanshi ba a kan ƙa'ida ba, ya riƙa dukan piston kamar ana buga guduma. Shi ne ƙarar nan mai kama da tsakuwa cikin gwangwani da kake ji in kana hawan tudu. In an yi sa'a kwamfutar motar ta ji, ta ja baya, ta rage ƙarfin don ta ceci injin. Ka ga ka biya miliyoyi don ƙarfin da motar da kanta ta hana ka. In ba a yi sa'a ba, piston ya fashe ko juwan kulas ya ƙone.

Ƙura kuma ba sai mun yi dogon bayani ba. Cikin wanga dunƙulen ƙarfe akwai sanduna biyu masu murɗe da ke juyawa sau dubbai a minti guda, tsakaninsu kamar silin gashi. Kai musu hunturun Damagaram da rairayin hanyar Dakwaro da filtir na jabu, ka dawo ka ba mu labari.

Akwai wani ƙanenmu, ba za mu kama suna ba don yana karanta shafin ga. Bara ya sayi kat-kat mai V6, da abin a kai tun daga can. Wata huɗu yana jin daɗi, ana ta kallo a wurin ɗaurin aure. Ran nan ya taso daga Yamai da iyali, sun wuce Madawa ba su kai Gidan Rumji ba, kurwa ta tsinke da tsakar rana. A motarshi kurwa guda ce ke jan komai, famfon ruwa da dinamo da kilim da shi kanshi sufacajan, kuma tsawonta ba na asalin motar ba ne. Aka kawo ta asali daga Maraɗi, ta yi gajarta. Aka duba Yamai, aka aika Kano, babu. Mata da yara sunka ƙarasa cikin motar haya. Kurwar da a motar kowa za ka same ta a shagon farko, shi sai da ya jira makonni kafin ta iso daga waje, kuɗin aike ya fi kuɗin kaya. Da ta zo ne makaniki ya gano abin yana da nashi mai na daban a cikinshi, wanda ba a taɓa dubawa ba, don duk bidanj ɗin da anka yi na injin ne kawai. Babu wanda ya faɗa mishi. Dillalin ma, mun tabbata, bai sani ba.

Ba raina makanikanmu muke ba, Allah ya sani. Mutanen da ke tada motar da Turai ta yar shekara ashirin da sunka wuce ba abin rainawa ba ne. Amma ɗora sufacaja ba ɗaure noti ba ne kawai. Sai an duba ko injekta da famfon esansi za su iya ba da man da ake bukata, sai an canza buji zuwa masu jure zafi, sannan, abin da ya fi komai, sai an sake tsara kwamfutar motar daidai da sabuwar iskar da kuma irin man da za ta sha. A can akwai garajin da ke ɗora mota bisa na'ura, tana gudu a tsaye, ana auna ta ana gyara lissafi. Tsarin da ya zo cikin motar ƙanenmu an yi shi ne don man Amurka da sanyin Amurka. Wanda ya ce maka zai daidaita shi da kunne, tambaye shi ko zai sa hannu a takarda ya biya injin in ya lalace. Za ka ga yadda zance ke sauyawa.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce ai Mercedes Kompressor ta cika gari, Range Rover ma akwai mai sufacaja. Haka ne. Amma waɗannan tun daga zane anka yi su da shi: piston da radiyata da bwat da birki duk an auna su tare. Ba daidai ba ne da ka ɗauko injin da anka ƙera don ya shaƙi iska da kanshi, wanda ya riga ya ci kilomita dubu ɗari biyu kafin ya hau jirgin ruwa, ka ce yau zai fara ɗaukar kayan da bai ɗauka ba yana saurayi. Kuma ko su masu Kompressor ɗin, je ka tambaye su kuɗin gyara.

Za a ce akwai waɗanda sunka yi shekaru da shi a Amurka ba abin da ya same su. Gaskiya ne, akwai su da yawa. Suna da man da ya dace a kowane lungu, kaya na iso musu cikin kwana biyu, ga wanda ya san aikin a garinsu. Ba mu ce abin banza ne a inda anka yi shi ba.

Za a kuma ce in kana tafiya a hankali ba ya ƙara shan mai sosai. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, don yana da wata ƴar ƙofa da ke sakin iskar in ba ka taka ba. To amma wa ya sayi sufacaja don ya yi tafiya a hankali? Lita ta sauko daga sefa 540 zuwa 499 a 2024, mun ji daɗi, sai dai ba kyauta ta koma ba.

Sai maganar ƙarshe da suke kawowa, wai kuɗina ne, ina ruwanku. Da a filin tsere kake, da mun yi shiru. Amma ina za ka kai wanga ƙarfi? Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne, hanya guda mai zuwa da dawowa, ga manyan motoci, ga amalanke ba fitila, ga shanu, ga kasuwar ƙauye da ta malalo bisa gudron, ga yara masu tallar goro da ƙwai. An ƙara ma injin ƙarfi, birki kuwa na nan yadda yake, tayoyin ma na hannu ne da sunka sha rana. Mun ga abin da ake yi a rakiyar amarya da motocin da ba a ƙara ma komai ba. Yaron da ke tsallaka titi a Tsibiri bai sa hannu a cinikinka ba.

Amma mafi yawan fushinmu na kan masu saidawa. Saurayi yarinta ke ɗibar shi, dillali kuwa lissafi yake. Akwai ma wata dabara da ya kamata kowa ya sani: motar da ta gaji da zugazugi, sai a cire shi a saida daban, a maida komai kamar na asali, a wanke injin ya yi fes, a kawo maka ita a matsayin wadda ba a taɓa ba. Injin da bwat sun riga sun sha wuyar, kai za ka gada. Don haka in za ka sayi kat-kat mai esansi da ta fito daga waje, tafi da makanikinka, ba na mai saidawa ba. Ya duba ko akwai wayoyin da anka yanke anka naɗe, da tiyon da anka toshe, da ramukan noti da babu komai a kansu, ya auna matsin kowane silinda, ya sa na'ura ya karanta kwamfuta. In mai mota ya ce ba shi da lokacin wannan, kai ma ba ka da kuɗin.

Wanda kuma ya riga ya mallaka, ya ajiye kurwa ta biyu cikin motar tun yau, ya nemi man sufacajan ya sa a duba, ya rabu da man kwalba, ya canza filtir kafin lokacinshi, ya daina takawa da tsakar rana, kuma kada ya yarda wani ya rage mishi girman fulin don ƙarin matsi.

Ƙanen namu dai ya sa motar a kasuwa tun bayan sallar layya. Duk wanda ya zo ya ɗaga kapo sai ya yaba, ya ɗauki hoto, ya ce zai dawo.