Daga Gaɓar Sifen Zuwa Bakin Kogin Wudil

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata magana ce game da mu marubuta da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ku duba littattafanmu na soyayya. Da an ɗaura aure sai ango ya ɗauke amarya su yi Dubai ko Italiya ko Sifen, a kai su "bakin teku", a ce iska na kaɗawa, shi ke nan. Ba sunan gari, ba kamannin wuri. Alhali ko a Sifen ɗin gaɓar teku ba iri ɗaya ba ce. Kudu, wajen Malaga a ƙasar Andalus, nan ne rana da yashi da otal-otal, yankin da suke kira Costa del Sol. Arewa maso yamma kuwa, wajen Galisiya, duwatsu ne da ruwan sama da sanyin tekun Atlantika, amaryar da ta je can da mayafi shara-shara sai ta yaba wa aya zaƙi.

To jama'a, mu a nan Wudil ba mu da teku, amma muna da kogi, kuma ban cika ganin wanda ya ba shi ko shafi guda a littafinsa ba. Ruwan Kogin Kano ne da na Challawa suke haɗuwa kafin su iso mana, su ratsa ƙarƙashin gada, su nufi Haɗeja da fadamun Nguru, daga can su shiga Komadugu Yobe da ke zuba a Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a Ƙaraye a 1992 halin kogin ya canja. Da can rani na yi sai ya janye ya bar fili fetal na yashi, yanzu kuwa ruwan da ake sakowa daga dam ba ya yankewa, abin da ya taimaki masu noman rani, amma kuma ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja. Wannan kaɗai ai littafi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yashin. Kullum tifa-tifa na ɗibarsa zuwa Kano ana gini, gaɓa na zaftarewa, gonakin bakin kogi na raguwa, ramukan da aka bari a ƙarƙashin ruwa kuma tarko ne ga yaro mai wanka. Ba na cewa a hana samarinmu neman halak, da shi suke ci da iyayensu. Amma Sifen ɗin da muke yi wa kwaɗayi sai da otal-otal suka cinye ƙauyukan masunta irin su Torremolinos, sannan a 1988 ta kafa dokar da ta tabbatar da gaɓar teku a matsayin mallakar jama'a, ta kuma taƙaita gini cikin mita 100 daga bakinta. Mu me zai hana a shata inda za a haƙa da inda za a bari tun ba a makara ba?

Na san wani zai ce mai karatu hutu yake nema, ba ya son a kai shi inda ya sani. Ban yarda ba. A sa jaruma 'yar masunci ce, ubanta na jefa birgi daga kwalekwale, uwarta na suyar tarwaɗa da karfasa, saurayin kuma ɗalibin jami'ar nan da aka buɗe a 2001, wadda ta koma sunan Aliko Ɗangote a 2022. A haɗa su ran Juma'a, kasuwa ta cika, shanu sun tare hanya, ga kishiyar uwa na son a ba direban tifa. Ni dai da kuɗina zan sayi wannan littafi, na ɗaya har na uku.