Manhajar ɗauko rahoton talla: a duba jagorarta kafin a yarda da alƙalumanta

A watan Satumban 2016 kamfanin Facebook ya amsa cewa ya yi kusan shekara biyu yana kumbura wa masu talla tsawon lokacin da mutane ke ɗauka suna kallon bidiyo. A rubuce, ya ce ana raba jimillar lokacin kallo ne da yawan duk waɗanda suka kunna bidiyon. A aikace kuwa, waɗanda suka kai daƙiƙa 3 kaɗai ake ƙirgawa wajen rabon. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa ƙarin ya kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, kuma a 2019 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 40 don a kashe ƙarar da masu talla suka shigar.

Wannan fa mai gidan ne da kansa. To ina ga manhajojin da ke tsaye a ƙofarsa suna karɓo rahoto su miƙa wa jama'a?

Ba kowane mai kula da tallar 'yan kasuwa ke zama yana kwafar alƙaluma da hannu ba. Akwai manhajoji da ke shiga ta ƙofar da Meta, wato kamfanin Facebook, ta buɗe, wadda ake kira API, su kwaso rahoton: facebook-business ta kamfanin kansa ga masu rubutu da Python, fbRads da rfacebookstat ga masu aiki da R, sai irin su Supermetrics da ake biya suna zuba komai a Google Sheets. Matashin da ke riƙe da tallar mai atamfa a Kantin Kwari yakan zaɓi wadda ta fi sauƙin sakawa a kwamfuta, ya yaba wa jagorarta don cikin minti biyar ta yi aiki. Nan ne kuskuren yake. Bayanin sakawa shi ne mafi arha a kowace jagora. Abin da ya kamata a auna ta da shi, shi ne ko ta faɗi abin da kowane adadi yake nufi.

A fara da kuɗi. A tsarin Meta, kasafin talla na kullum yana zuwa ne da ƙaramin kuɗi, wato 5000 a asusun dala na nufin dala 50, alhali kuɗin da aka kashe yana zuwa da dalarsa sak. A Google Ads, inda ake biyan tallar YouTube, sai an raba adadin da miliyan ɗaya kafin a ga ainihin kuɗin. Jagorar da ta yi shiru a nan tana iya sa yaro ya kai wa Alhaji rahoton da zai tayar masa da hawan jini. Haka maganar dannawa: akwai adadin da ya haɗa har da waɗanda suka danna alamar so ko suka buɗe hoto, akwai kuma na waɗanda suka bi adireshin zuwa shago. Shi kuwa yawan mutanen da talla ta kai wa, ba a tara na Litinin da na Talata a ce an samu na kwana biyu, domin mutum ɗaya na iya ganin tallar a ranakun duka.

Sai kwanan wata. A watan Janairun 2021, gabanin sabuwar ƙa'idar sirri da Apple ta kawo da iOS 14.5, Facebook ya rage wa'adin da yake jingina ciniki ga talla daga kwana 28 bayan dannawa zuwa kwana 7. Duk jagorar da aka rubuta a 2020 ba a sabunta ta ba, tana bayanin wani abu ne da ya riga ya wuce. Meta na fitar da sabon zubin API fiye da sau ɗaya a shekara tana rufe tsofaffi, don haka jagorar da ba ta faɗi zubin da aka gwada ta a kai ba abar tuhuma ce.

Za a ce yawancin waɗannan manhajoji 'yan sa-kai ne suka rubuta su kyauta, bai dace a matsa musu ba. Gaskiya ne, sai dai layi ɗaya da zai nuna inda Meta ta fassara adadin, da ranar da aka duba, ba ya cin ko kwabo. Masu karɓar kuɗin wata-wata kuwa ba su da uzuri ko kaɗan.

Gwajin ba wuya. A ɗauki talla ɗaya, rana ɗaya, a kwatanta abin da manhajar ta kawo da abin da Ads Manager, shafin tallar Meta, ya nuna. Idan sun sha bamban, a koma jagorar a ga ko ta yi gargaɗi cewa rahoton yana zuwa ne shafi-shafi, ko kuma cewa ranar tana bin agogon asusun. Asusun da aka buɗe a kan agogon Los Angeles, sai ƙarfe 8 ko 9 na safe a Kano sabuwar ranarsa ke farawa.