Tsohon Babur Ba Ƙarfen Awo Ba Ne

Da wuya a sami unguwa a garuruwanmu, tun daga Sakkwato har Yola, kai har Agege da Sabo ta Ibadan, wadda ba za a tarar da wani tsohon babur jingine a lungun zaure ba, tayoyinsa sun sace, tsatsa ta ci tanki, kaji sun mai da sirdinsa wurin kwana. Galibi mai shi ya riga mu gidan gaskiya, ko kuwa tsufa ya hana shi hawa. Haka zai yi ta zama shekara da shekaru, sai ranar da ɗan gwangwan ya biyo da kurarsa da ma'auninsa, a yi ciniki a kan kilo, a sa guduma a farfasa. A wannan makon ina so in roƙi arziki ga duk wanda ke da irin wannan babur a gidansu, ya dakata tukuna kafin ya sallama.

Waɗannan babura suna da tarihi. A shekarar 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan da aka fi sani da Udoji, haɗe da ariyas na watanni. Malamin makaranta da akawu da malamin gona, waɗanda a da keke ne iyakar ƙarfinsu, sai ga su a kan Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa. Kasuwar ta buɗe har kamfanin Honda ya kafa reshensa a Nijeriya a 1979, da masana'antar harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun. A kan irin waɗannan babura aka kai mata masu naƙuda asibiti, aka kai takardun jarrabawa ƙauyuka, aka je neman aure. Wanda ya sayar da na mahaifinsa a kan kuɗin da ba zai cika tukunyar kwana uku ba, ai bai san abin da ya sayar ba.

Bari mu ɗauki Honda CD175, wadda aka ƙera daga 1967 zuwa 1979, mutanenmu kuma suka fi kiranta Benli. Injinta mai silinda biyu ne, cc 174, da kafireta guda ɗaya, da giya huɗu, da batir mai bolt 6, sarƙarta kuma a rufe take cikin gidanta don kada ƙura ta cinye ta. Babu kwamfuta a jikinta, babu wani abu da aka liƙe don kada a buɗe. Duk abin da ya lalace ana iya kwance shi da sifana, a duba da ido, a gane ciwon. Haka ma ƙanwarta CG125 da ta fito a 1975, wadda da gangan aka tsara injinta don ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan kari ba. Watau dai an yi su ne domin a gyara, shi ya sa mutum mai haƙuri zai iya tayar da su a zauren gidansa ko a ƙarƙashin rumfa, ba sai ya mallaki gareji ba.

Amma kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, akwai maganar haƙƙi. Babur ɗin mamaci gado ne, ko da kuwa ya zama kwarangwal. Sai a zauna da sauran magada a yi masa kuɗi, ko su yafe a gaban shaidu, domin abin da kowa ya raina yana cikin ƙura, ranar da ya fito yana walƙiya kowa zai tuna da rabonsa. Sa'an nan a nemo takardunsa, a gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce. Wanda kuma zai saya a hannun wani, kada ya yarda da babur marar takarda komai arharsa.

To, sai aiki. Babban abin da ke kashe tsohon inji shi ne gaggawa. Mutum ya zuba fetur, ya hau kik da dukkan ƙarfinsa, alhali fistin ya shekara ashirin manne da silinda. Nan take zobe ya karye, ko a kankare cikin silindar, gyaran kwana uku ya koma na wata uku. Abin da ya kamata shi ne a cire filogi, a ɗiga kananzir ko man gas ta ramin, a bar shi kwanaki, sa'an nan a riƙa juya injin a hankali da hannu har ya saki. In ya ƙi, a ƙara masa kwana. Mahaƙurci mawadaci.

Akwai kuma wani ɗan sirri da ya sha ba mutane haushi. Sukurorin da ke jikin baburan Japan na wancan zamani sun yi kama da masu kan gicciye da muka saba da su, amma ba ɗaya suke ba, domin ma'aunin Japan dabam yake. In aka sa musu sukudireba ta kasuwa aka murɗa da ƙarfi, sai ta zame ta cinye kan. Gara a nemi mai dacewa, ko irin wadda ake bugawa da guduma ta juya da kanta. Duk abin da aka kwance kuma a sa shi a gwangwaninsa, a rubuta daga ina ya fito, a ɗauki hoto da waya kafin a cire. Ƙwaƙwalwa tana cewa za ta tuna, amma bayan wata biyu ba ta tuna kome.

Tsohon fetur idan ya daɗe yakan zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan ramukan kafireta, don haka sai an kwance ta an jiƙa an hure. Tanki a wanke tsatsarsa sarai, in ba haka ba duk wahalar da aka sha a kan kafireta ta tafi a banza cikin mako guda. A gefen dama na injin Benli akwai wani ɗan kofi mai juyawa wanda ke tace baƙin mai. Da yawa ba su ma san da shi ba, za a tarar ya cika da dauɗa kamar laka, kuma rashin wanke shi na iya hana mai isa saman inji. Tazarar bawul milimita 0.05 ce, inji yana sanyi, ta kwantak kuwa tsakanin 0.3 da 0.4. Tayoyi da tib da igiyar birki kuwa babu ciniki, sababbi za a sa, ko da tsofaffin sun yi kyau a ido, domin roba tana mutuwa da shekaru, rai kuma ba shi da safaya.

A nan ne nake da ja da wasu 'yan'uwa. Idan kayan gyara suka yi wuya, sai ka ji an ce a cire injin a dasa na ɗan Sin, a fesa fenti mai ƙyalli, shi ke nan. Ba shakka zai yi tafiya, amma a ganina wannan ba gyara ba ne, sabon babur ne aka sa wa tsohuwar riga. Wanda ke son abin hawa na yau da kullum, ga Bajaj da sauransu nan cike da kasuwa. Mai son tayar da na mahaifinsa kuwa sai ya yi tattaki. A kasuwar Nkwo ta Nnewi, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, mai nema yakan dace, ko da na hannu ne da aka ciro daga wani babur ɗin. Abin da aka cire na asali kuma kada a yar, a adana shi, wata rana za a sami mai iya farfaɗo da shi. Hatta fentin asali, in bai mutu ƙwarai ba, wanki da gogewa sun fi masa sabon feshi.

Abin da ya fi kayan gyara wuyar samu yanzu shi ne masu sanin aikin. Yaran da ke gareji a yau sun tashi ne a kan babura masu wutar zamani, da yawansu ba su taɓa saita kwantak ba. Dattijan da suka koyi sana'ar a zamanin Udoji, waɗanda ke gane ciwon inji da kunne tun kafin a kashe shi, sun haura saba'in, kullum kuma raguwa suke yi. Kusan kowane gari akwai saura ɗaya ko biyu, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu kome. A je musu da goro da ladabi, a ce, "Baba, ga Benlin marigayi, a taimaka a duba mana." A biya su haƙƙinsu yadda ya kamata, a kuma tafi da yaro ɗaya mai hankali ya zauna kusa yana kallon hannunsu.

Ranar tayarwa, a fito da babur fili. Kada a kuskura a kunna shi cikin rufaffen zaure, domin hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba, kamar dai na janareta. Fetur a nisanta shi da murhu da yara. In ya tashi, a bar shi ya yi ɗumi a hankali, a saurara, a duba ko mai yana yoyo. Idan an sa sabon zobe, a yi 'yan makonni ana tafiya sannu ba tare da ɗaukar kaya ba, sa'an nan a zubar da baƙin man farko a sa sabo, a sake duba bawul da ɗaurin sarƙa kafin a kama hanyar nesa.